Dezső Direba da Gidajen Allurarsa

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin safe daga Tiszaberény zuwa Szolnok a shekarun baya ya san Bodnár Dezső. In bai san sunansa ba, to ya san ƙeyarsa. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar faifai, in ya riƙe sitiyari sai ka ga sitiyarin ya ƙanƙance. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a kan hanyar nan. Ya kai yara makaranta har suka girma suka fara miƙo masa nasu 'ya'yan, ya kai mata kasuwa da kajinsu da kwandunan jan barkono, kuma bai taɓa jefa kowa a rami ba. Da wannan yake tinƙaho, kuma ba mai musa masa.

Matarsa Jolán a kicin ɗin makarantar firamare ta yi nata aikin. 'Yar ƙaramar mace ce, ko kafaɗarsa ba ta kai ba, amma in ta ɗaga murya har bakin titi ana ji. 'Yarsu ɗaya, Enikő, ta yi aure ta tafi Graz, can ƙetaren iyaka, da mijinta. Da suka yi ritaya su biyun, Dezső ya kama kamun kifi, ita kuma ta shiga ƙungiyar matan da ke taruwa duk Alhamis a gidan al'adu na gari, suna haɗa guntayen yadi su zama bargo. Shi yake kai ta a mota, ya dawo ya ɗauke ta, amma bai taɓa leƙawa ciki ba.

"Ni fa ban gane ba, Maman Enikő," in ji shi. "A samu yadi lafiyayye a yayyanka, sannan a zauna wata da watanni ana haɗa shi. Da kun bar shi yadda yake ai da kun huta."

"Kai da kake kama kifi ka sake shi," in ji ta, "kai ne za ka koya wa wani hankali?"

Matan nan suna da wata al'ada. Ƙarshen bazara sai kowace ta rubuta sunanta a jefa cikin tsohuwar kwalbar kokwamba, a girgiza, kowace ta zaro ɗaya ta ɓoye. Wadda kika zaro, ita za ki ɗinka wa gidan allura: ɗan abu na ƙyalle da ake buɗewa biyu, da bango da shafi, da ganyen ulu a tsakiya inda ake soke allurai, da ɗan aljihun almakashi. Ba a yarda da keken ɗinki ba, sai ɗinkin hannu. Kuma dole ya dace da mai shi, ta yadda in ta gani za ta san an yi tunaninta. Ranar Waliyyi Márton, cikin Nuwamba, ake musaya.

A shekarar da abin ya faru, Jolán ta zaro sunan Gizella. Gizella ita ta kafa ƙungiyar. Tsohuwar mai sayar da yadi ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma in aka miƙa mata ɗinki ba ta kallon gabansa sai ta fara juya bayansa. Jolán ta dawo gida tana murna tana fargaba. Ta ciro tsohon bantan girkin mahaifiyarta, irin shuɗin yadin rinin nan mai fararen furanni, ta yanka shi ƙanana-ƙanana ta jera a kwando.

Iyakar abin da ta samu yi ke nan. Cikin Satumba, tana tsakar gida tana juya tukunyar 'ya'yan itace da take dafawa don ajiyar hunturu, Dezső ya fito daga rumfar kaji ya same ta a ƙasa, muciya na hannunta na hagu, bakinta ya karkace. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Da aka sallamo ta daga asibiti, hannun dama ya mutu, ƙafar tana ja, harshe ya yi nauyi. Matar da ake jin muryarta daga titi sai ta yi ta fama kafin kalma ɗaya ta fito.

Enikő ta zo ta yi 'yan makonni ta koma wajen aikinta. Dezső ya koyi girki da wanki da taje gashi. Bai yi ƙorafi ba, amma shirun gidan yana cin sa. Matan ƙungiya suka zo dubiya da faranti cike da pogácsa, waɗannan 'yan ƙananan burodi masu gishiri. Gizella ta zauna bakin gado ta riƙe hannun da ya mutu.

"Joli, kada musayar bana ta dame ki," ta ce. "Mun cire ki. Wadda kika zaro, ko wace ce, za ta yi haƙuri."

Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Jolán ta juya fuska bango, ba ta sake waiwayowa ba har suka tafi.

Washegari da hantsi Dezső yana ba ta shayi, sai ta nuna kwandon ɗinki da haɓa. Ya kawo mata. Ta daɗe tana kallon guntayen shuɗin yadin, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Kai," ta ce.

"Ni me?"

"Kai... ɗinka."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. Ya ɗaga hannayensa ya nuna mata. "Dubi waɗannan, Maman Enikő. Maɓallin rigata ma da ƙyar nake sawa. Bari in kai wa ɗaya daga cikin matan, ko in sayo mai kyau a Szolnok, wa zai sani?"

Ta ɗauki cokalin shayi da hagu ta ƙwanƙwasa masa a bayan hannu. Wannan ita ce amsarta, kuma shekara arba'in na aure sun koya masa cewa in ta kafe, gara a tura bas da hannu.

Ranar farko zura zare a allura kaɗai ya cinye safiya. Allurar ta ɓace tsakanin yatsunsa, zaren ya ƙi shiga, ya sa tabarau a kan tabarau. Da ya samu ya haɗa guntu biyu, gumi har ƙeya, ya miƙa mata yana jiran yabo. Ta juya bayan ɗinkin, ta kalla, ta buɗe baki, sai kalma ta fito tar, ba gargada, karo na farko tun da ta faɗi:

"Warware."

Dezső ya tsaya yana kallonta. Bai san ko ya yi fushi ko ya yi kuka ba. Ya warware.

Haka suka yi ta yi kowace safiya a gefen taga, inda haske ya fi. Ita tana kan kujera da bargo a ƙafa, shi ya duƙa kamar mai gyaran agogo. Ƙarfen da ake sawa a yatsa bai shige shi ba, sai ya yanki tsohuwar fatar safar hannu ya naɗe. Duk da haka ya sha suka, har sai da suka jefar da guntu biyu saboda jini. Kalmomin Jolán kuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan duk na faɗa ne: ƙanana, a hankali, ka ja da yawa, makaho ne kai. Matar da ke zuwa koya mata magana ta yi mamakin saurin da take yi, ta tambayi wane motsa baki suke yi a gida.

"Zagina take yi," in ji Dezső. "Kullum, kafin abinci da bayan abinci."

Wata safiya Kálmán, abokin aikinsa na da kuma abokin kamun kifinsa, ya biyo da ƙugiyoyi a kafaɗa, ya leƙo ta taga. Ya hango shi duƙe da allura a hannu.

"Dezső," ya ce, "in ka gama wannan, akwai wandona da ya yage. Ko sai an fara saya maka siket?"

"Kawo wandon. In ɗinke ƙafafun biyu wuri ɗaya, ka ga sai matarka ta huta da yawonka."

"Kifi suna cin ƙugiya yau fa."

"Su ci. Ina da aiki."

Kafin yamma labari ya zagaya gari cewa Bodnár direba ya koma tela. Ya ji zafin abin, ba zai ɓoye ba. Kwana biyu bai fita sayen burodi ba sai da rana ta yi tsaka, lokacin da shago ba kowa. Amma da ya haɗa bangon gaba ɗaya, ya goge shi da dutsen guga, ya ga fararen furannin sun haɗu sun zama tauraro kamar yadda Jolán ta tsara a ranta, sai ya ji wani abu irin wanda yake ji in ya shigar da dogon bas cikin matsattsen gareji ba tare da ya goga bango ba.

Ranar musaya ya sa mata rigarta ta zuwa coci, ya tura ta a keken marasa lafiya har cikin zauren gidan al'adu. Ita ce shigarsa ta farko. Mata sun kai goma sha biyar, ga ƙamshin kofi da gasasshiyar dinya, irin babbar agwagwar nan, ga barguna rataye a bango. Aka yi ta rungumar Jolán. Aka fara miƙa kyaututtuka, kowace tana kiran sunan wadda ta zaro. Da aka zo ƙarshe, Jolán ta ɗaga hannun hagu, da ɗan ƙunshi a ciki.

"Gizi," ta ce.

Gizella ta karɓa, ta kwance, ta gyara tabarau. Ta juya bayansa. Ta buɗe, ta shafa ganyen ulun, ta sa yatsa a aljihun almakashi, ta matsa kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Yadin na gane shi, na mahaifiyarki ne," ta ce. "Tsarin ma naki ne. Amma ke ba ki taɓa yin kusurwa mai kauri haka ba, ko kina barci."

Dezső yana tsaye bayan keken, hularsa a hannu. "Ni na yi, Gizella. Ita ce direba, ni mota ce kawai."

Gizella ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wannan layin ɗinkin kamar sawun mashayi a kan dusar ƙanƙara."

"Na sani."

"Amma na nan ɓangaren ya fi. Shi ka yi daga baya?"

"Shi ne na ƙarshe."

Ta buɗe jakarta ta ciro tsohon gidan allurarta, wanda kowa ya san shekarunsa a hannunta, ta zare allurai ɗaya bayan ɗaya tana soke su a sabon. Da ta gama ta ɗaure igiyar ta sa a jaka. Matan suka kalli juna, don yawanci kyautar da aka ba Gizella a durowa take ƙarewa. Jolán kuwa ta miƙe wuya kamar wadda aka naɗa wa sarauta.

Ashe ita ma ba a cire ta ba. Piroska, wadda ta zaro sunanta, ta ƙi bin umarni. Ta ɗinka mata gidan allura mai nauyi a gindi, ta cusa masa yashi, yadda zai zauna daram a kan tebur, a buɗe shi a zare allura da hannu ɗaya. Jolán ta ɗora shi a cinya har gida. Kafin Kirsimeti ta fara gwada ɗinki da hagu, Dezső yana ɗame mata ƙyallen a katako.

Da bazara ta zagayo aka fito da kwalba, sai gardama ta tashi. Tun daga hunturu Dezső yake zama a zauren, tunda dole ya kasance kusa da Jolán, kuma ba a zaune kawai yake ba. Wata ta ce ita ba ta ƙi shi ba, amma maza in suka shiga abu sai sun mai da shi nasu, yau ɗaya ne, gobe za a zo da shugaba da mataimaki. Wata ta ce a nan kaɗai suke samun sakewa su yi maganar mazansu.

"Ku yi," in ji Dezső. "Shekara talatin ina jin irinta ta bayan kujerata, kun taɓa jin ta fita?"

Gizella ce ta yanke. Ta ce wanda ya zubar da jininsa a kan ƙyalle ya riga ya biya kuɗin shiga. Sharaɗi biyu: ba zancen hanya, ba zancen kifi. Ta miƙa masa takarda ya rubuta sunansa.

Daga nan hannunsa ya faɗa. Bai taɓa zama gwanin ƙananan furanni ba, kuma bai yi ƙaryar zama ba. Abin da yake da shi ya nema. Da ya ji za a farfasa tsofaffin bas-bas, ya je gareji ya roƙi a bar shi ya yanki yadin kujeru, irin mai kaurin nan ja da ruwan toka wanda rabin garin suka girma a kansa. Ya wanke, ya busar, ya haɗa da tsohon kakinsa, maɓallan ƙarfen suka zama marufi. Gidajen allurarsa ba su da laushi, amma ko mota ta taka su ba abin da zai same su.

Kuma ya san mutane. Direban da ya daɗe yana kallon fasinja ta madubi ya san wadda ke sauka da murna da wadda ke sauka da nauyin zuciya. Shekarar da ya zaro Piroska, ya tuna cewa tun tana budurwa yake ɗauko ta daga wani ƙauye a ƙetaren kogi, ƙauyen da yanzu ba kowa sai tsofaffi, gidansu ma an rushe. Sai ya ja layin shuɗin zare a bangon, mai lanƙwasa irin ta kogin Tisza, ya ja baƙin layi na hanya a gefensa, ya yi ɗan jan ƙulli daidai inda take tsayawa ƙarƙashin bishiyar goro irin tasu. Piroska ta kalla, ta ɗora yatsa a kan ƙullin.

"A nan babata take tsayawa ta ga na hau," ta ce.

"Da koren ɗankwali," in ji Dezső. "Ba ta tafiya sai na sha kwana."

Piroska ta tashi ta fita waje, ta ɗan jima kafin ta dawo.

Daga baya ƙungiyarsu ta shiga musayar da ake yi da sauran garuruwa ta gidan waya. Gidajen allurar Dezső suka tafi Pécs, suka tafi Sopron, ɗaya har Erdély, a maƙwabciyar ƙasa. Shi ma wasu suka riƙa zo masa, daga matan da bai taɓa gani ba: mai siffar gida, mai siffar kifi, wani da aka yi wa ado da jan zare har ba a ganin yadin. Ya kwashe kofunan tangaran daga kabad ɗin gilashi ya jera su a ciki, Jolán tana faɗa, yana yi kamar bai ji ba. Shekarar da aka yi baje kolin ɗinki a Szolnok, aka sa nasa guda uku a akwatin gilashi da sunansa a ƙasa. Kálmán ya zo, har da ɗaura laktaye, ya tsaya kusa da akwatin yana gaya wa duk wanda ya matso cewa tare suka yi aiki, kuma shi ya fara ganin baiwar tun ta taga.

Jolán ba ta sake tafiya da ƙafarta sosai ba, amma bakinta ya dawo kusan yadda yake, hannun hagun kuma ya koyi abin da zai iya. Gidan allura ɗaya take yi a shekara, tun daga zaro suna har ranar musaya, kuma ba ta yarda ya taɓa mata ko ɗinki ɗaya ba. In baƙi suka zo suka yaba nasa, sai ta ce, "Ni na koya masa. Da farko ko zare bai iya zurawa ba." Shi kuma ya ce haka ne. Shekara tara suka yi a haka, gefe da gefe a bakin taga. Ta rasu farkon wata bazara, cikin sauƙi, bayan gajeriyar jinya.

Dezső ya rufe kwandon ɗinki ya ɗora a kan kabad. Alhamis ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Sai wata rana ya ji ana dukan ƙofa da sanda. Gizella ce, ta tsufa ƙwarai, idonta ya fara hazo, ta tako da ƙafa tun daga can ƙarshen gari.

"Ba ta'aziyya na zo ba, na riga na yi," ta ce. "Ba ni da mai zura mini zare. Waɗancan duk surutu ya yi musu yawa. Ɗauko hularka."

Ya ɗauko.

Yanzu ya kusa tamanin. Enikő ta yi ta roƙonsa ya koma Graz wajenta, ta ce an gyara masa ɗaki mai kallon lambu. Ya je ya ga jikoki, ya ci abinci, ya yaba ɗakin, ya ce zai yi tunani bayan Nuwamba. Da Nuwamba ta wuce ya ce ai an kusa fara babban bargon da za su ba gidan tsofaffi, kuma shi ke yanka. Enikő ta gane, ta daina tambaya, sai dai ta aiko masa da allurai masu faɗin ido.

Bana wata sabuwa ya zaro, Dorina, ma'aikaciyar jinya da ke bin motar asibiti, wadda ba ta daɗe da zuwa garin ba. Ba ta taɓa hawa bas ɗinsa ba, bai san ƙauyensu ba, bai san kowa nata ba. Sai ya koma kallo. Ya lura keke take hawowa, ruwan ɗorawa, da kwando a gaba. Ya lura ba ta zama a gama hira, kullum wayarta na kusa, ɗinkinta a tsaitsaye take yi tsakanin kira da kira. Ya ce to wannan nata sai ƙarami, mai shiga aljihun kaki, wanda ba zai buɗe da kansa ba ko ana gudu. Yadi yana da shi. Zare ne babu mai launin keken.

Ya hau bas ɗin safe zuwa Szolnok, ya zauna bayan direba, wani matashi da ke kiransa Kawu Dezső. Ya yi niyyar yin shiru, amma da suka kusa kwanar da ke bayan gada sai da ya ce a rage wuta. A shagon kayan ɗinki ya tarar da sabuwar yarinya a kanta. Ta ga tsoho ƙato yana duba zarurruka, ta matso da fara'a.

"Kawu, wane iri uwargida ta ce a sayo? Ta rubuto maka lamba?"

"Ba wanda ya aiko ni," in ji Dezső. "Nawa ne."

Ya sa hannu a aljihun kwat ya ciro nasa gidan allurar, ya kwance a kan kanta, ya zaro guntun yadin da ya zo da shi. Yarinyar ta ɗauki gidan allurar tana jujjuyawa, ta tambaya a ina ake sayar da irinsa. Ya ce ba a sayarwa, sai dai ta zo Tiszaberény ranar Alhamis da rana, ta zo da almakashinta. Sannan ya sa ta fito da duk zaren ruwan ɗorawa da suke da shi, ya kai su bakin ƙofa inda haske yake, ya ɗora kowanne a kan yadin, har ya samu wanda ya yi masa.